Motar lantarki a hanyar Tit

Jama'a, yau bidon ɗin man, wato jarkar da nake taƙama da ita, ya ba ni kunya!

Da hantsi na taso daga Tit da taksina, fasinja uku. Sai ga wata farar mota sabuwa fil a bakin hanya, wani Balarabe yana ɗaga hannu kamar zai faɗa gabana. Kun san dokar sahara, ba a wuce wanda ya tsaya. Na taka birki, na fiddo bidon da gudu. Na zagaya motar sau biyu, ba in ga bakin tanki ba!

Ya ce, "Ba ta shan mai, ta lantarki ce, caji ya ƙare!"

Wallahi irin wadda na tambayi kuɗinta watan jiya ce, dillali ya kalli takalmina ya ce, "Issufu, sayar da taksinka, ƙila ka samu tayoyinta."

Sai na ji nishi a kujerar baya ta farar motar. Mahaifiyar Balaraben ce, kunama ta harbe ta a gona. Gumi sharkaf, leɓe na rawa!

Wata fasinja, Hajiya Rabi, ta daka mini tsawa: "Kai, kallon mota za ka yi? Ɗauko ta!"

Muka cusa tsohuwa gaba, ɗanta ya matsu a baya. Na taka tsohuwar motata tana tari tana hayaƙi, ina "Ya Allah kar ki mutu yau", har gidan likita.

An yi mata allura, ta buɗe ido. Alhamdulillahi!

Balaraben ya fito ya dafa taksina, ya ce, "Nawa za ka sayar mini?"

Na ce, "Sayar da taka, ƙila ka samu tayoyinta."