Ƙwai Biyu a Kan Kuka

A Ɗanzomo, in an gama kai gero rumbu sanyi ya sauko, ɗakin Kaka muke tarewa bayan isha'i. Ta hura wuta da kara, ta watsa mana gyaɗa a toka. Bayan gidanmu akwai wata kuka, a kanta wata ƙatuwar mujiya take ƙwai duk shekara, cikin tsohuwar sheƙar da shirwa ta bari.

"Kai maigida, rufe bakin nan ka matso," haka take tsokanata kafin ta fara. Wai da can mujiya ta fi kowane tsuntsu iya sheƙa. Ta yi wa shirwa, ta yi wa hankaka, har ungulu. Ranar da nata ƙwan ya matso, ƙirare sun ƙare a daji. Ta bi su gida-gida, kowa ya juya mata baya. Sai ta rantse ba ta ƙara ɗaukar tsinke, kangon wasu za ta riƙa shiga. "Ba mutuwa take kira ba," in ji Kaka. "Ƙwai biyu take gadi, tana cinye muku ɓerayen rumbu."

Shekarar da ƙyanda ta ɗauke jaririn Baffa Sale, mujiyar ta kwana uku tana kuka. Maza suka taru za su ƙone sheƙar. Ni uban iyayi na ce a bari, ai Kaka ta ce ƙwai biyu ne a ciki. Baffa, ɗan cikinta fa, ya dube ni ya ce, "Tsohuwa ta hau kuka ne? Ta yaya ta sani?"

Shi ke nan. Aka cinna wa sheƙar wuta, aka shiga raɗa cewa Kaka mayya ce, aka hana mu ɗakinta. Matar da ta shekara sittin tana tsintar 'ya'yan kuka a gindin bishiyar nan, ina abin mamaki don ta san ƙwan mujiya?

Na daɗe ina cewa Baffa ne shirwar tatsuniyar, har yau ban yafe masa ba. Sai da na yi furfura a Gumel na yarda har da ni a ciki. Ana saura 'yan kwanaki Kaka ta rasu, ta hango ni ta jikin danga, ta ce, "Maigida, yau ma ba ka zuwa hira?" Wallahi na ji ta sarai. Na sunkuyar da kai na wuce.