Agogon da Yake Kulle Kansa

Wata Asabar da hantsi 'yata ta fari ta zo gidanmu a garin Sterling, nan ƙasar Turawa, ta ce in sa mayafi in raka ta kanti. Ban tambayi ko wane kanti ba. Sai da muka hau babban titi ta ce, idonta a kan hanya, "Agogon nutso zan saya, Umma. Likita ya sallame ni. Zan koma ruwa."

Na ce, "To."

Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Amma a cikin mayafi hannuna ɗaya ya kama ɗan'uwansa ya matse.

Injiniya ce, aikinta duba gadoji. Takan goya tukunyar iska ta shiga ƙarƙashin kogi, ta shafa ƙafafun gada da hannunta ta ga ko sun fara tsagewa. Ni kuwa a garinmu na ƙasar Katsina ruwan da na sani shi ne na rijiya, sai kududdufin bayan gari da ake hana mu zuwa. Wata huɗu kafin wannan Asabar ta je horo a wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika. Ashe mai nutso ba ya tasowa kai tsaye, akwai inda zai tsaya a tsakiyar ruwa ya jira jikinsa ya saki iskar da ya sha, kuma agogon hannunsa ne yake gaya masa wurin tsayawa da tsawon jiran. Nata ya yi ta kuka, ta ƙyale shi ta taso. Ta huta kaɗan ta sake komawa. Kafin la'asar kafaɗarta ta riƙe, ƙafarta ta dama ta daina jin taɓi. A asibiti suka sa ta cikin wani bututun ƙarfe kamar tankin mai, suka rufe, muna leƙenta ta 'yar taga.

Da aka fito da ita, babanta ya riƙe mata hannu. Ni na ce, "Sannu," na juya ina tambayar ma'aikaciyar jinya ko za ta iya shan kunu.

Haka aka raine ni. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwarta a kansa a gaban mutane. In mahaifiyata tana da magana da ni, goggona take aikowa, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarta ba. Amma ita wannan tana da shekara biyar muka kawo ta ƙasar nan, ta tashi cikin mutanen da ba sa ajiye waya sai sun gaya wa juna suna son juna. Daga baya goggonta, ƙanwar babanta da ke Mitchellville, ta ce mini, "Yaya, yarinyar nan ta ce ko idonki bai canza ba a asibiti." Na ce ta gaya mata ba haka ba ne. Ta kuwa gaya mata. Amsa ba ta dawo ba.

Kantin yana warin roba. Rigunan nutso baƙaƙe a rataye jere, kamar mutanen da aka zare daga cikinsu. Mai kantin wani dattijon Bature ne, ruwa ya kashe masa jin kunne ɗaya, don haka in zai yi magana sai ka ce kiran wani yake a tsallaken titi. Ya fito da agogo biyu ya ajiye a kan gilashi. Ɗaya babba ne baƙi, mai manyan lambobi, har ni da na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci bayan aure na karanta su ban matso ba. Ɗayan ƙarami ne mai fuska mai launi, wanda za a iya zuwa biki da shi.

Yana bayani, ita tana mayar mini da Hausa. Babban, in ka tsallake wurin tsayawa ka taso, sai ya kulle kansa kwana biyu. Ba zai yi maka lissafin komai ba, ko ka roƙe shi. Ƙaramin zai yi maka gargaɗi, ya girgiza a hannunka, amma ba ya kullewa. Zai ci gaba da lissafi, ya bar maka hukunci. Mai kantin bai ɓoye ba, ya ce ƙwararru da yawa ƙaramin suka fi so, shi ma irinsa yake ɗaurawa.

Ta ɗaura ƙaramin a wuyan hannunta tana juya shi. Ta ce, "In wancan ya kulle ranar aiki, sai a sa wani a madadina. Ni kaɗai ce mace a cikin abokan aikina. Tun da na yi ciwon nan kallona suke kamar ƙwai."

Ina kallon kafaɗar da ta riƙe.

Sai ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. "Umma, wanne kika gani?"

Na san amsar tun kafin ya gama bayani. Tana kan harshena. Amma ga baƙo tsaye, ga wasu mata da miji suna gwada takalman roba a gefenmu, ga kuma shekara hamsin da wani abu na tarbiyya. Na ji bakina ya ce, "Duk wanda ya kwanta miki a rai."

A garinmu, 'ya in ta ji wannan ta san akwai sauran magana, za ta je ta nemo ta wurin goggo. Ita kuwa ta ɗan jima tana kallona, ta gyaɗa kai, ta kwance ƙaramin ta miƙa masa ta ce ya sa a kwali. Ta wuce can ƙarshen kanti wai za ta duba safar hannu.

Na zagaya bayan rigunan nan na kira goggonta. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira. Sai na tuna Asabar tana bakin aiki, wayarta na kulle cikin akwatin ajiya. Babansu kuma ya ɗauki fasinja daga filin jirgin Dulles, ba ya ɗaga waya yana tuƙi. Na fara rubuta saƙo, amma rubutuna na tafiyar hawainiya ne, ban gama kalma huɗu ba na ji ƙarar kwali ana rufewa.

Ban san lokacin da na isa gaban gilashin ba. Turancina na kasuwa ne da asibiti, amma ya isa wannan. Na rage murya na ce masa, don Allah ya gaya mata ta ɗauki babban, kuma kada ya ce ni na ce.

Ya karkato kai ya kama kunnensa. Na maimaita. Ya zagayo da ɗaya kunnen. Na uku sai da na ɗaga murya fiye da yadda na taɓa yi a cikin kanti.

Fuskarsa ta washe. Ya ɗaga hannu ya ƙwala mata kira, ya ce mahaifiyarta ta ce babban take so, wai kuma kada ya faɗa. Ya yi dariya, shi a ganinsa wasa ne na uwa da 'ya. Mata da mijin nan suka ɗago kai.

Ta taho a hankali, safar hannu ɗaya a hannunta. Da Hausa ta yi magana, kuma ba ta cika yin Hausa ba in ranta ya ɓaci, sai ranar.

"Me kika ce masa?"

"Ba komai."

"Ni kika haifa ko shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Goggo, Abba, matar asibiti, yau kuma mai kanti. Saura wa, Umma? Mai sharar titi?" Ta ajiye safar. "Kina tsammanin don ban san agogo ba na ɗauko ki? Na san su duka biyu, na karanta littafinsu. Ga ni tsaye. In ba ki faɗa mini da bakinki ba, ƙaramin zan ɗauka mu tafi, kuma Litinin ina cikin ruwa."

Kwalin yana kan gilashi tsakaninmu, an riga an manne bakinsa. Mai kantin ya gane ba wasa ba ne, ya koma yana goge abin da ba shi da datti. Na yi ƙoƙarin kallon idonta na kasa, sai na tsaya a haɓarta.

Na ce, "Ki ɗauki babban."

"Don me?"

"Don na san ki. Tun kina rarrafe, in an ce tsaya ba kya tsayawa. Wancan karon ma agogonki ya gaya miki, kika ƙi ji. Ina son abin da zai fi ki taurin kai."

"Shi ke nan?"

Na ce, "Kunun da na tambaya a asibiti, don kada in faɗi a gaban mutane ne. Ƙafafuna ba sa ɗauke da ni. Duk ranar da kike ruwa ba na sa komai a bakina sai babanki ya ce kin fito. Ba zan iya sake leƙen ki ta waccan taga ba."

Ban sani ba ko ya wadatar da ita, don fuskarta ba ta nuna ba. Ta sa hannu ta ɗauki babban ta juya shi gaba da baya.

Ta ce, "Mummuna ne fa. Kamar sabulun wanki."

Na ce, "Ba aurensa za ki yi ba."

Ta yi wani ɗan sauti ta hanci, ta tura ƙaramin gefe da bayan hannu. Mai kantin ya sake ɗauko wani kwali. Bayan ta kai ni gida, da za ta tafi ta ce Litinin ƙarfe tara za su shiga, kafin azahar sun fito, kuma ni za ta kira, ba babanta ba.

Ta kira. Haka ta riƙa yi har sanyi ya fara shigowa.

Wata Laraba da rana, lokacin da ya kamata tana wurin aiki, na ji an buɗe ƙofar kicin. Ta shigo fuska a haɗe, ta ajiye agogon a kan tebur da ƙarfi.

"Ga abin naki, ya kulle."

Na ajiye ludayi. Na duba yadda take tsaye, na duba kafaɗar. "Jikin fa?"

"Lafiyata lau, an duba ni. Jiya muka koma ramin nan horo. Ruwan ya yi sanyi, hannuna ya ƙage, saura minti ɗaya na taso. Minti ɗaya tak, Umma. Yau an sa wani a gadar da na yi wata guda ina shirya wa."

Ta ja kujera ta zauna, ta rufe fuska da tafin hannu. Ta cikin yatsu ta ce, "Ɗaya daga cikinsu ya ce in ari nasa in shiga, ba wanda zai sani."

Na riƙe bakin tebur. "Kika ce me?"

"Ba ga ni a kicin ɗinki ba? Akwai sauran miyar jiya?"

Na ce akwai, na kunna mata wuta.