Haihuwar da Dada Ba Ta Ƙirga Ba

"Haihuwa nawa, Dada?" na tambayi wata dattijuwa da aka kawo daga wajen Rey Bouba. Ta ce shida. Na rubuta shida a katinta.

Shekarata ta huɗu ke nan ina karatun likita a Garwa. Da malaminmu ya zo zagayen safe, ya duba katin, ya dubi wani magidanci da ke tsugune bakin ƙofa riƙe da takalmanta.

"Wancan fa?"

Dattijuwar ta kau da kai. Ungozoma ta raɗa min, "Ɗan farinta ne. Kunya ba ta barinta ta ƙirga shi."

Malam bai yi min faɗa ba. Ya ce, "Gyara, bakwai ne. Koma ki tambaye ta a hankali."

Na koma. Ashe kwana uku ta yi tana naƙudarsa, daga nan ciwon da ya kawo ta asibiti ya samo asali.

Ni ma 'yar fari ce. Na fita na kira Innata a waya. Ta ce, "Ke, kin ci abinci?" Ba ta taɓa ambatar sunana ba, amma yau na ji shi cikin "ke" ɗin nan.

'Yan fari, da me ake kiranku a gida?