Agogon Maigidan Ba Shi da Takarda

Bayan na fita takaba, abu na farko da na sa a gaba shi ne kai agogon maigidan gyara. Da aka zo rabon gado, 'ya'yanmu sun yarda ya faɗo cikin rabona. Tun lokacin jinyarsa ya tsaya. Na girgiza shi, na murɗa ɗan kunnen da ke gefe kamar yadda na saba gani yana yi, ko motsi bai yi ba. Ba don duba lokaci nake son sa ba, ina da waya. Ƙararsa nake son in sake ji. Idan maigidan ya dawo daga mahauta ya kishingiɗa bayan azahar, yakan ɗora hannunsa a kan matashi, ni kuma ina gefe ina ɗinkin hula, ina jin 'yar ƙarar nan tana tafiya. Tun da ta ɗauke, ɗakin ya yi min shiru da yawa.

Maigidan mahauci ne, ɗan mahauta. Agogon kuwa na manyan masu hali ne. Wani Alhaji falke, wanda maigidan ya daɗe yana zaɓar wa shanu a kara, shi ya kwance shi daga hannunsa ya ɗaura masa, wata shekara da suka loda bijimai zuwa kudu aka dawo da albarka. Babu kwali, babu rasit, babu takardar garanti. Alhajin ma ya riga shi tafiya.

Babban ɗana ya buga waya wani shagon Abuja da ke sayar da irinsa. Suka ce a zo da katinsa da shaidar saye, sannan su duba. Na aika wa masu gyara na bakin titi, suka juya shi suka maido, suka ce ba su da abin buɗe bayansa, kuma ba za su ɗauki alhakinsa ba.

Ƙanin maigidan ne ya ce ya san inda za a kai. Shi dillali ne a kara, kuma tun ina amarya muke wasa da shi, bai taɓa shiga gidan ya fita ba tare da ya kushe miyata ba, bayan ya sha kwano biyu. Duk tsawon takabata bai yi min wasa ko sau ɗaya ba. Ran nan da ya zo ɗaukata, ya dube ni ya ce in yi sauri, ya ce yayansa ya bar masa tsohuwa mai nauyin jiki. Na ce masa tsohuwar ce ta yi renon sa har ya fara gemu. A ƙofar gida na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Shagon yana wajen Ƙofar Atiku, ɗan ƙarami, tsakanin mai sayar da tabarmi da wani tela. Mai gyaran dattijo ne, da farin gemu, da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Muka gaisa, ya yi min ta'aziyya, ya karɓi agogon da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon sa. Na ga yana son aikin. Sai ya tambayi takardu, muka ce babu. Ya ajiye shi a kan teburi, ya turo shi wajenmu a hankali.

Ya ba mu haƙuri. Ya ce an taɓa kawo masa irinsa, ya buɗe ya yi sabis, ashe na sata ne, sai da mutanen unguwa suka tsaya masa kafin ya fita daga maganar. Tun daga nan ya yi alkawari ba zai sake taɓa babban agogo ba sai da takarda. Ya ce ba zargin mu yake ba, amma bai san mu ba, shi ma wancan mutumin da kamala ya zo.

Na miƙa hannu zan ɗauka. Idona ya riga ya cika, ba na so kowa ya gani.

Ƙanin maigidan ya riga ni ɗora hannu a kansa. Ya ce, "Baba, mu can kara, saniya ba ta da rasit. In mutum biyu sunka yi gardama bisa ta, sai a ce mai ita shi juya baya shi faɗi alamunta. Ga mai agogo nan. A juya ta."

Dattijon ya yi murmushi, ya ce bai taɓa jin an yi wa agogo shari'ar shanu ba. Tela ya tsayar da kekensa ya leƙo. Mai tabarmi ma ya matso. Ni kunya ta kama ni, amma na juya, na fuskanci bango, na riƙe bakin hijabina.

Na fara da lotsawar da ke gefen kunnen. Na ce ƙahon wani jan sa ne ya yi ta, kuma da ba don agogon ba da wuyan hannun maigidan ya karye. Na ƙara da cewa wanda aka ba igiyar dabbar ya riƙe, ya saki ya haye katanga, yana nan tsaye a bayana. Shagon ya kwashe da dariya. Ƙanin maigidan ya rantse igiyar ce ruɓaɓɓiya, tela ya tambaye shi ko katangar ma ruɓaɓɓiya ce.

Na faɗi kartar da ke kan sarƙar, wadda bakin barandami ya yi ranar wata babbar Sallah. Na faɗi inda ƙarfen ya dushe saboda gugar bakin aljihu. Ina faɗi, ina jin dattijon yana cewa haka ne. Abin da ban zata ba shi ne daɗin da na ji. Tun rasuwar, duk wanda ya ambaci maigidan sai ya sassauta murya. Ga shi yau ina ba da labarinsa ana dariya.

Da na gama, dattijon ya ce duk na faɗi daidai, amma gaskiya ita ce duk wanda agogon ya kwana a hannunsa zai iya ganin waɗannan. Ya tambaya ko akwai abin da ido ba ya gani.

Akwai, amma ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce ya buɗe maɗaurin ya duba ta ciki, inda yake lanƙwashewa. Da daɗewa ɗan ƙarfen da ke riƙe wurin ya saki, agogon yana ta zamewa, sai na ɗaure shi da shuɗin zaren hula, na ce wa maigidan na wucin gadi ne kafin ya kai gyara. Bai kai ba. Duk sanda na tuna masa, sai ya ce ai ya riga ya kai wa gwana.

Na ji ƙarar buɗe maɗaurin. Dattijon ya ce babu zare, baƙin datti ne kawai ya toshe wurin. Ƙanin maigidan shi ma bai san da wannan ba. Na ce ba datti ba ne, kitse ne, maigidan ya yi shekaru yana aikin nama da shi a hannu. Na roƙe shi ya tona.

Ya sa tsinke ya tona, ya ɗiga wani ruwa mai warin fetur, ya goge da ƙyalle. Ban juyo ba. Sai na ji tela ya yi salati.

"Hajiya, juyo ki gani," in ji dattijon.

Zaren yana nan, ƙullin da na yi da haƙorina yana nan, shuɗinsa ya fito kamar jiya na ɗaura.

Ƙanin maigidan ya ce, "Matar yaya, ashe ke ta kanikensa, kinka bari muna yawo cikin rana?"

Dattijon ya jawo agogon gabansa. A gabanmu ya buɗe bayan, ya nuna min cikinsa. Ya ce man ya bushe, robar da ke hana ruwa shiga ta mutu, gumi ya taɓa wani ɗan ƙarfe wanda sai an aiko daga Kano. Ya faɗa min a fili cewa shi ma ba shi da takardar da zai ba ni, sai dai in ya ƙara tsayawa in dawo masa da shi. Ya tambaya ko ya goge lotsawar da kartar ya koma sabo. Na ce a bar su. Zaren kuwa na ce ya cire ya sa ƙarfen kirki, an daɗe ana ɗaga wannan gyaran.

Sai da wata ya kusa ƙarewa ya aiko mu zo. Agogon ya yi fes, tsinkensa yana zagayawa. Na kara shi a kunne, amma ga keken tela, ga injin markaɗe, ga masu babur, ban ji komai ba. Na yi godiya na naɗe shi a gefen zane. Amma ƙanin maigidan ya lura ban ji ƙarar ba.

Muna cikin keke-napep, mun kusa Ƙofar Rini, ya taɓa kafaɗar direban ya ce ya shiga wani lungu ya kashe injin. Direban ya tambaya ko an manta wani abu ne. Ya ce masa a'a, Hajiya za ta saurari wani abu, kowa ya yi shiru.

Injin ya mutu. Na zaro agogon, na sa shi cikin hijabi, na manna a kunnena. Tana nan, 'yar ƙarar, da saurinta kamar da. Na daɗe a haka. Su biyun suna zaune suna kallon gaba, babu wanda ya waiwayo. Da na ji ya ishe ni, na share fuskata, na ce wa direban ya tayar mu tafi gida.