Dankalin Baba Yohanna a Barnawa

Shekarar da man fetur ya yi tsalle, shiga mota ya gagari talaka, ita ce shekarar da ba mu je ƙauye hutun damina ba. Ita ce kuma shekarar da Baba Yohanna ya cinye wa 'ya'yana hutunsu. Ya riga mu gidan gaskiya, na yafe masa, amma tun da yanzu na iya riƙe biro sai na rubuta yadda aka yi, saboda masu cewa sharri nake masa.

Ku da kuka san shi a Kakuri kun san jakar buhun nan da yake ratayawa. Littafi Mai Tsarki na ciki, tabarau na ciki, ƙaramar fartanya na ciki. Ya daɗe yana aiki a masaƙa kafin a rufe ta, amma hannunsa bai taɓa manta gona ba. Duk inda ya ga ƙasa a kwance sai ya tsaya, ya ɗebo, ya murza, ya ce, "Wannan wurin zai yi dankali." Ya faɗa a harabar coci. Ya faɗa a bakin asibiti ranar da matata Saratu take naƙuda, ni ina zufa, shi yana murza ƙasa. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya sa ba na yi masa musu. Wannan rashin musun ne ya ja mana.

Baba yana da aboki, Luka, tun suna kiwon awaki a ƙauye. Allah ya buɗa wa Luka, ya yi kwangila, ya gina bene a Barnawa. Mu muna ce masa Dadi, matarsa Momi. Da ya ji ba za mu yi tafiya ba, sai ya aiko cewa mu zo dukanmu mu yi mako guda a gidansa. Momi ta ƙara da cewa ranar Asabar za ta kai yara wurin wasa, inda ake lilo da ninkaya. 'Ya'yana Rahila da Tabita ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce baho ba. Suka yi ta ƙirga kwanaki, suka gaya wa duk yaran layinmu.

Dadi ya ce zai turo direba ranar Talata. Baba ya ce, "Ƙafata ce ta karye?" Sai muka tari Keke Napep biyu. Ɗaya mu, ɗaya Baba da kayansa: buhun yaɗon dankali da ya yanko a 'yar gonarsa ta bayan layin dogo, manyan fartanyu uku, da zakaran Saratu wanda take kiwo don Kirsimeti.

Na ce, "Baba, hutu fa za mu je."

Ya ce, "Haka za ka shiga gidan mutane kana kaɗa hannu?"

Maigadi ya leƙo, ya ga fartanyu, ya ce babu aiki yau. Baba ya hango koren fili ta ƙofar da aka buɗe, ya ce, "Akwai. Ga shi can." Na ji wannan maganar da kunnena, ban kawo komai ba.

An karɓe mu da kyau, ba zan ɓoye ba. Wuta ba ta ɗaukewa, kaza kullum, yara suka shige gaban talabijin. Baba kuwa sai zagaye gida yake yana tambaya. Ya ga ƙaton kare ana zuba masa shinkafa da nama.

"Luka, wannan me yake yi a gidan?"

"Gadi."

"Wancan na bakin ƙofa fa?"

"Gadi."

"Kai fa?"

"Na yi ritaya, Yohanna."

"Gida guda, ba mai aiki ko ɗaya."

Ranar Laraba karen ya tsinke ya kama zakaran Saratu a bayan kicin. Saratu tana share hawaye, Momi tana ba da haƙuri. Baba ya dubi gashin da ya rage, ya ce, "To, yau dai ya yi aiki."

Ranar Alhamis Baba ya daina cin abinci. A wajenmu, idan ka wuce kwana biyu a gidan mutum, ranar ta uku kana bin shi gona, ko bai ce ba. Wanda ya zauna yana ci kawai, har jikokinsa sai an yi musu gori. Dadi ya san wannan, tare suka tashi.

Ya ce, "Yohanna, nan birni ne. Ba ni da gona. Ci abincinka."

Baba ya ce, "Na ga gonarka. Kunya ce ta hana ka magana."

Dadi ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce irin tasu.

Da sassafen Juma'a Dadi da Momi suka tafi jana'iza Kafancan. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Baba ya buga mana ƙofa, ya miƙa mini fartanya, ya miƙa wa Saratu. Ya kai mu gaban gidan. Fili ne mai faɗi, ciyawa gajera, lallausa, kamar an shimfiɗa bargo.

Na tsuguna na shafa. Na ce, "Baba, anya wannan ciyawar ba shuka ta aka yi ba?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Wa ke shuka ciyawa? Luka mahaukaci ne?"

"Na ga duk tsayinta ɗaya."

"Ragwayen ma'aikatansa ne. Suna yanke kai suna barin saiwa, don a sake kiransu."

Maigadi ya taho da sauri. "Baba, Madam ta sani kuwa?"

"Lokacin da ni da mai gidan nan muke cin gasasshen ɓera a dawa, kai kana ina?"

Maigadi ya koma bencinsa. Ni kuma, mutum mai 'ya'ya, mai furfura a gemu, zuciyata tana gaya mini gaskiya, na ɗaga fartanya na sara. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai.

Ciyawar nan tana da taurin kai, saiwarta a sarƙe. Baba ya ce hakan ya nuna shekara nawa aka yi ana cutar abokinsa. Yara suka bar talabijin suna kwashe ciyawa zuwa bayan katanga. Kafin la'asar mun tayar da kunya goma sha ɗaya, miƙaƙƙu, daga ƙofar falo har bakin get. Baba ya bi yana dasa yaɗo yana waƙar coci. Tun da muka zo ban ga ya yi fara'a haka ba. Ya wanke hannu, ya ce a kawo masa abinci, yanzu ya halatta.

Yana cikin ci motar ta shigo.

Momi ta fito ta tsaya. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta taka a hankali har kunya ta farko, takalminta ya nutse. Ta dube ni ta ce, "Bitrus, ina ciyawata?"

Na nuna bayan katanga.

Ta ce daga Jos aka kawo ta. Shekara uku ana ba ta ruwa da rani. A kanta za a kafa rumfunan bikin 'yarsu nan da mako uku, an riga an raba kati.

Baba ya fito da cokali a hannu. "Madam, ba sai kin gode ba. Ni da Luka ba mu haka."

Dadi ya dubi kunyoyin, ya dubi Baba, ya zauna a kan bonet yana dariya har yana tari. Momi ta juya ta kalle shi sau ɗaya, tarin ya tsaya. Sai ta kira direba, ta ce yara sun gaji, a kai su gida su huta.

Tabita ta ja rigata. "Baba, gobe fa Asabar." Na ɗauke ta na sa a mota.

Baba ya ƙi shiga motar. Da ƙafa ya dawo Kakuri, ya iso yana huci. "Aikin mutum biyar muka yi mata, ko sannu." Wata guda shi ne mai fushi. Mu da aka kora ba mu sami damar yin namu fushin ba.

A zauren haya aka yi bikin, ba a aiko mana kati ba. Amma Dadi ya hana a baje kunyoyin. Ya ce wa Momi ciyawa ta riga ta tafi, a bar abin da ya zo. Kusa da Kirsimeti sai ga motarsa a layinmu, shi da kansa ya sauke buhu a ƙofar Baba. Baba ya kwance, ya ɗauki dankali ɗaya, ya juya shi.

"Ƙanana ne. Ba ka yi noma na biyu ba."

"Bayana ke ciwo, Yohanna."

"Zama ne."

Suka gasa a murhun Saratu suka ci da gyaɗa, suna faɗa a kan wanda akuyarsa ta shiga gonar sarki shekara sittin da suka wuce.

Damina ta gaba Baba ya kwanta, bai tashi ba. A maƙabarta, bayan fasto ya rufe addu'a, Dadi ya sunkuya da ƙyar don ya zuba ƙasa. Ya ɗebo, sai ya tsaya yana murzawa. Ya ce a hankali, "Wannan wurin zai yi dankali." Momi ce ta fara dariya, ita ce kuma ta fara kuka.

Abin da muka rasa a hutun nan ga shi: kwana huɗu cikin bakwai, zakara ɗaya, Asabar ɗin Rahila da Tabita, ciyawar shekara uku, da fartanya ɗaya da muka manta a Barnawa, wadda Dadi ya ce ba zai dawo da ita ba. Ƙaramar tana nan a jakar buhu, a rataye a bayan ƙofata. Mai ita ne babu.

Ubangiji ya karɓe ka, Baba. Ya ba ka hutawa, ya kuma ba ka haƙurin karɓa.