Ranar da Aka Kusa Kashe Mana Makashi

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Asabar da mutanen Unguwar Shanu suka kusa kashe mana ɗan wasa da rana tsaka. A shekarun saba'in ne, da damina, ba a daɗe da barin fam an koma naira ba. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu, wannan zan ba ku.

Lokacin ina sashen shirya fim na wata ma'aikata a nan Kaduna, a matsayin mataimakin mai shirya wasa. Sunan da girma, amma babu wanda ke ƙasa da ni sai masinja. Ni ke neman wurin da za a ɗauki fim, ni ke tara kayan wasa, ni ke kai takardu. Ƙa'idarmu ita ce, kafin a fita da kyamara cikin gari, sai an buga takarda kwafi uku: ɗaya ga mai unguwa, ɗaya ga caji ofis, ɗaya a fayil, kowace da rana da lokaci a jiki.

Yawancin aikinmu fina-finan wayar da kai ne, na rigakafi da takin zamani. Amma daraktanmu, Malam Isa, ya daɗe yana naci a bar shi ya yi fim na labari, har shugaban sashe ya gaji ya ce ya yi da ragowar kayan da ke sito. Labarin na wani gidan haya ne da 'yan haya ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suna zargin mahauci, suna zargin juna, alhali mai kisan wani tela ne mai fara'a da ke ɗakin ƙarshe. Abin dariyar shi ne, duk wanda ya gano wani abu, wurin telan yake kai sirrinsa neman shawara, washegari sai a nemi shi ma a rasa.

Kyamara ɗaya gare mu, fim ɗin ɗauka kuwa ɗan kaɗan ne, don haka ba a maimaita fitowa. Gawar da za mu yi amfani da ita ni na haɗa ta da tsummoki da audugar rimi, na kai wa wani masassaƙin turmi a Rafin Guza ya sassaƙa mata ƙafa ɗaya, muka shafe ta da man takalmi, muka sa mata silifa. Jini kuwa Goggo Hajara ce ta dafa mana. Tsohuwa ce mai sayar da ƙosai a gidan da muka ara a Unguwar Shanu, kuma ita ta nuna mana cewa in aka dama zoɓo da ƙullun rogo ya yi kauri, ko likita sai ya duba sau biyu.

Wanda ya fito a matsayin telan shi ne Malam Bitrus, malamin firamare daga kudancin Kaduna, mazaunin Unguwar Dosa. Mutum ne siriri mai sanyin murya, wanda ko kaza aka ce ya yanka sai ya kira maƙwabci. Saboda wannan sanyin Malam Isa ya zaɓe shi.

Takardunmu sun ce ranar Talata da ƙarfe goma na safe za mu ɗauki fitowar da telan ke jan gawa a buhu ta lungu zuwa kwalbati. Na kai wa mai unguwa tasa, na kai caji ofis, aka sa mini hannu. Ranar Talata aka wuni ana ruwa, Laraba ma haka. Malam Isa ya ce a mayar da aikin Asabar bayan azahar. Ni kuma na duba fayil na ga takardu a cike, ban koma na gaya wa kowa an sauya rana ba. A bisa al'ada, da safiyar Talata lungun nan wayam yake, maza sun tafi aiki. Ranar Asabar kuwa kowa na gida. Ga shi a 'yan makonnin ana ta raɗe-raɗin wai akwai masu yankan kai a gari, duk da ban san wanda ya taɓa ganin ko ɗaya ba.

Malam Isa ba ya son mutane su taru suna leƙen kyamara, sai ya sa aka hau da ita kan rufin wani shago can nesa, aka kare ta da tabarma. Muka hau tare da shi da mai ɗaukar hoto. An shirya cewa in na ɗaga farin hankici, Malam Bitrus ya fito.

Na ɗaga, ya fito. Wallahi ya iya wasa. Yana jan buhu yana waige-waige, ƙafar nan da silifa ta leƙo ta bakin buhun, jan ruwa yana bin sawunsa a ƙasa. Ya tsaya ya share gumi, ya tura ƙafar ciki, ta sake fitowa. Malam Isa yana ta raɗa, “Madalla, madalla.”

Sai wata mata ta fito zubar da ruwan wanke-wanke. Ta ga ƙafar, ta saki kwano, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

“Jama'a, ga shi nan! Mai yankan kai! Ya kashe mutum!”

Kafin in sauke hankicin, lungu ya cika. Wani da gora, wani da taɓarya, wani bakanike da ƙarfen cire taya. Suka rufe gaba da baya. Na ga Malam Bitrus ya saki buhun ya ɗaga hannu sama, tafukansa jajawur da zoɓo, kuma wannan ne ya ƙara tunzura su. Wani ya shaƙo wuyan rigarsa, wani ya sauke masa gora a kafaɗa, ya durƙusa.

Ban san yadda na sauko daga rufin nan ba, sai dai na ga gwiwata ta fashe. Na ruga ina ihu, “Wasa ne! Fim muke yi!” Wa zai ji ni? Da na kutsa ciki, wani ƙato ya riƙe ni ya ce, “Ga abokin aikinsa ma ya kawo kansa.” Ina jin Malam Bitrus yana cewa, “Don Allah ku buɗe buhun, ku buɗe ku gani,” amma babu mai son taɓa gawa. Wasu na cewa a jira 'yan sanda, wasu na cewa jiran me.

Sai ga Goggo Hajara ta fito daga gida da matsamin ƙosai a hannu, tana ture manyan maza kamar tana korar awaki. Ta tsaya a kan Malam Bitrus ta ce, “Duk wanda ya ƙara taɓa bawan Allahn nan ban yafe masa ƙosan da ya ci nawa ba. Wane jini? Ni na dafa shi da hannuna!”

Ta sunkuya ta dangwali jan ruwan da ke jikin buhu, ta kai baki ta lashe.

Mutane suka ja da baya, wani ya yi salati, matar da ta fara ihu ta ce, “Innalillahi, ashe Goggo mayya ce.”

Goggo ta juyo ta harare ta. “Uwarki ce mayya, Ladi. Zo ki ɗanɗana, ko sukari ban sa ba.”

Ta fizgi wuƙa a hannun wani mai rake, ta farke buhun daga sama har ƙasa. Audugar rimi ta tashi ta bi iska, tana sauka a kan gemun mutane. Ta zaro ƙafar itacen ta ƙwanƙwasa ta a bango, ta miƙa wa bakaniken ta ce, “Ungo, kai wa danginsa su yi masa sutura.”

Wani ya fara dariya daga baya, sai ta bazu. Ƙaton da ya riƙe ni ya sake ni yana kakkaɓe mini riga. Ni kuwa zama na yi a cikin taɓo. Na rarrafa wurin Malam Bitrus na taɓa shi. Yana numfashi, idonsa biyu, kafaɗa ta kumbura, leɓe ya fashe, amma babu karaya. Ban taɓa yin hamdala irin ta ranar ba.

Wani sajan 'yan sanda ya iso da kurata biyu bayan ƙura ta lafa. Na nuna masa kwafin takarda. Ya karanta ya ce, “Nan Talata na gani. Yau wace rana ce?” Na ce Asabar. Ya ce, “To ka gode wa tsohuwar nan. Da yanzu gawa biyu nake rubutawa, ɗaya ta auduga, ɗaya ta gaske.” Mai unguwa ya zo yana faɗa, da gaskiyarsa, ya ce da an sanar da shi da ya zaunar da dattawa biyu a bakin lungu.

Ranar Litinin shugaban sashe ya kira ni. Na shiga ina jiran takardar kora. Ya ce, “Garba, wa ka gaya wa an ɗaga ranar?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ban gaya wa kowa ba. Laifina ne.”

Ya ce, “Da ka ɗora wa ruwan sama, da yau ka bar aikin nan.” Aka ba ni takardar gargaɗi, wadda ke hana ƙarin girma na shekara guda. Na karɓa da hannu biyu, don na san abin da ya fi ta muni ya wuce ni da taku ɗaya.

Saura magana ɗaya. Ashe duk abin nan mai ɗaukar hoto bai kashe kyamara ba, tsoro ya sandarar da shi da yatsa a kan maɓalli. Da aka wanko fim ɗin, komai ya fito tar. Malam Isa ya ce wannan ya fi duk abin da ya rubuta, a sa shi a ƙarshen labari, ranar da asirin tela ya tonu. Shugaban sashe ya ce ba shi ke da ikon yanke wannan ba, a kira wanda aka daka.

Malam Bitrus ya zo da hannu a rataye, muka kunna masa a bangon ofis. Ya kalla har ƙarshe. Sannan ya ce a maido baya kaɗan, ya nuna mai gorar da ya doke shi.

“Wannan 'yarsa tana ajina. Shekaranjiya ya zo gidana da kaji biyu, ya kasa haɗa ido da ni. In kuka nuna wannan a majigi, yarinyar za ta ga ubanta haka, 'yan ajinsu ma za su gani. A bar shi.”

Malam Isa ya yi ta roƙo, Malam Bitrus ya ce a'a cikin sanyin muryar nan tasa. Aka yanke wurin aka ƙona a bayan ofis. Bayan ya warke muka koma lungun muka sake ɗauka, wannan karon da mai shela da ya zaga unguwa tun jajibiri, kyamara kuma a fili kowa na gani. Mutanen da suka kewaye shi da sanduna su ne suka tsare mana bakin lungu, bakaniken ma har ya samu fitowa a matsayin ɗan haya.

Abin da na koya, ku da kuke fita da kyamara yanzu, shi ne sana'armu ƙarya ce da aka ƙera don ta yi kama da gaskiya, kuma iya ƙwarewarka iya haɗarin da kake jefa ɗan wasanka a ciki. Sa hannun hukuma a fayil ba ya tare gora. Mutanen unguwa ba mugaye ba ne, tsoro ne ya fito da su, kuma da gawar gaske ce a buhun da mun yaba musu. Daga ranar har na yi ritaya, ban ƙara kafa kyamara a wata unguwa ba sai na bi gida-gida da ƙafata, na yi sallama, na gaisa da tsofaffin matan gidan, na gaya musu abin da za su gani da lokacin da za su gan shi.