Bayan Katakon Yaya Habu

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Habu kafinta, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Allah ya jiƙansa. Na zauna in rubuta yabonsa yadda aka saba, sai alƙalami ya ƙi. Gaskiyar magana kishinsa nake yi tun yana raye, kuma rasuwarsa ba ta raba ni da shi ba.

Tare muka koyi aiki a Makarfi, zarto ɗaya muke ja. Amma da an ɗora kwano an zo kan fesin bod, katakon da ake kewaye bakin rufi da shi, da silin ɗin waje da ke ƙarƙashinsa, sai mai gida ya ce, "A bar wa Habu wannan." Ina tsaye fa, da guduma a hannu! Na fi shi sauri, na fi shi iya jan layi. Shi kuwa sai ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya yi ta shafa masa baƙin mai ta baya da bakin yanka, inda ba idon da zai sake gani, ya bar shi kwana biyu yana tsotsa. Ni fuskar kawai nake wa fenti, in buga in sauko. Nakan ce, "Yaya, wa zai leƙa bayan katako, ƙadangare?" Sai ya yi dariya ya ci gaba da shafarsa.

Yanzu daga Kudan har Ikara roba da alminiyam ake sawa, wuni ɗaya an gama. Nakan tambayi kaina, da yana nan me zai shafa wa mai? Allah ya yafe mini, har daɗi nakan ji cewa zamani ya wuce da gwanintarsa.

Bana kafin damina aka kira ni Saulawa, gidan Baba Yohanna, wani dattijo manomi da muka rufa wa gida shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Ɗansa ne ya ce in cire katakon in sa alminiyam. Wancan lokacin raba aikin muka yi: Yaya ya ɗauki gabas, inda ruwa ke bugowa, ya bar mini yamma. Na jingina tsani a yamma, na taɓa katakona, ya marmashe a hannuna kamar ƙuliƙuli. Silin ya huje, jemagu sun tare a ciki. A gabas kuwa ƙusa ƙin fita ta yi. Da na samu na juya katakon, man na nan, har da shatin yatsunsa.

Baba Yohanna na zaune a inuwa da maƙwabtansa. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai, Sani, hannunka da albarka! Gabas ɗin nan naka ko gezau. Marigayi ne dai ya yi mana gaggawa a yamma."

Tsufa ne ya juya masa lissafi. Na sani sarai. Amma tun ina saurayi nake jiran wani ya fifita ni a kan Habu a bainar jama'a, ga shi ya zo har inda nake. Sai na ji bakina ya ce, "Sai haƙuri, Baba, kowa da ranarsa." Wallahi daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba. Maƙwabta biyu suka ba ni aiki nan take.

Wata huɗu ke nan maganar tana cina. Yaya bai bar gona ba, bai bar shago ba. Abin da ya bari shi ne a nuna bakin rufi a ce aikin Habu ne, ni kuma da rana tsaka na sa hannu na ɗauke, na kuwa san ba shi da bakin musu.

Ba zan ce kishin ya tafi ba, yana nan daram. Amma Baba Yohanna, in ɗanka ya karanta maka wannan, a tara maƙwabtan nan a gaya musu. Gabas aikin Habu ne. Ni na yi yamma.